Kafin Mu Miƙa Wa Ƴaƴanmu Makulli

  

Akwai wani zama da aka yi a zauren mahaifinmu wanda har yau bai bar zukatanmu ba. Bayan sallar la'asar ne, kwana uku da rasuwa. Dattawa biyu suna zaune bisa tabarma ɗaya, maƙwabtan juna na shekara da shekaru, amma ba wanda ke iya ɗaga ido ya dubi ɗan'uwansa. Ɗaya ya binne ɗiyarsa ƴar shekara 7, wadda babur ya buge da almuru tana dawowa daga makarantar allo. Ɗayan kuwa shi ne ya sayi babur ɗin, ya miƙa wa ɗansa mai shekara 17 makulli, tukuicin cin jarrabawa. Yaron yana durƙushe daga bakin ƙofa, kansa a sunkuye.

Mahaifin yarinya ya ce ya yafe diyya, jama'a suka yi ta sa masa albarka. Sai Malam ya juya ga yaron ya ce: "Ɗana, haƙƙin mutane an yafe maka. Saura na Allah, azumin wata biyu a jere." Sannan ya dubi uban ya ce: "Alhaji, shi ne ya riƙe kan babur, wannan gaskiya ne. Amma wa ya ba shi makulli, wa kuma ya koya masa?" Alhaji bai ce uffan ba. Mu da ke gefe mun san amsar: abokansa ne suka koya masa a filin ƙwallo, cikin yini biyu.

Wannan tambaya ta Malam ita muke so mu kai kowane gida da wannan mujalla ke shiga.

Girman al'amarin

Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahoton da ta fitar a shekarar 2023, ta ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ne ke rasa rayukansu kowace shekara a haɗarin hanya. Ta kuma nuna cewa haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa daga shekara 5 zuwa 29 a duniya. Fiye da rabin waɗanda ke mutuwa masu tafiya a ƙasa ne, da masu keke, da masu babur. Nahiyarmu ta Afirka ita ce ta fi kowace jin jiki: tana da kimanin kashi 3 cikin 100 kawai na motocin duniya, amma kusan kashi ɗaya cikin biyar na mamatan daga cikinta suke. Saboda haka ne Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware shekarun 2021 zuwa 2030 domin rage mace-macen hanya da rabi.

Mu dai ba sai an kawo mana alƙaluma ba. Wanda ya bi babbar hanyar da ta tashi daga Yamai ta ratsa Dosso, Dogon Dutsi, Birnin Ƙonni, Maraɗi da Tasawa har Damagaram, tafiyar kusan kilomita 900, ya ga gawarwakin motoci a gefen kwalta. Wanda ya je dubiya ɗakin masu karaya a asibiti ya ga shekarun waɗanda ke kwance. Yawancinsu ba su kai ga aure ba, ko kuwa sun bar amarya da jariri a gida. Idan saurayi ya mutu ko ya nakasa, gida guda ne ya girgiza: uwar da yake ciyarwa, ƙannen da yake biya wa kuɗin makaranta, da gonar da ake sayarwa domin a yi jinya.

Tayar da mota daban, tuƙi daban

A wurinmu, da zarar yaro ya iya tayar da mota, ya sa giya, ya zagaya unguwa bai bugi katanga ba, sai a ce ya iya. Alhali wannan shi ne bambaɗiyar karatun, ko baƙi bai gama ba. Tuƙi na gaskiya shi ne karanta hanya: ka hangi ƙwallo ta gangaro kan titi ka san yaro na biye da ita, ka ga akuya ɗaya ta tsallaka ka san saura na tafe, ka ga motar haya ta rage gudu ka san wani zai ɓullo ta gabanta. Wannan ido ba a haihuwar mutum da shi. Ana samunsa ne da koyarwa da daɗewa a hanya, kuma shi ne abin da sabon direba ya rasa, komai ƙarfin hannunsa da kaifin ganinsa. Ga kuma zafin ƙuruciya, da son a gani a yaba, musamman in abokai na cikin mota suna zuga.

Makarantar koyon tuƙi, wato oto-ekol, tana ba da ilimi iri biyu. Na farko dokokin hanya: ma'anar alluna, wa ke da haƙƙin fara wucewa a mararraba, inda aka hana tsere wa mota, da yadda ake shiga shataletale. Na biyu aiki da hannu tare da malami a gefe, wanda ke da nasa birki. Takardar izinin tuƙi kuma, wadda muke kira permi, rukuni-rukuni ce: A na babur, B na ƙananan motoci, C na manyan motocin kaya, D na masu ɗaukar fasinja. An raba su ne domin kowane abin hawa da irin halinsa. Wanda ya saba da ƙaramar mota bai san nisan da tirela mai kaya ke ci kafin ta tsaya ba.

Bari mu kawo misali ɗaya daga abin da ake koyarwa, domin iyaye su ga amfaninsa. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a kowane sakan. Direba lafiyayye, wanda hankalinsa ke kan hanya, yana buƙatar kimanin sakan ɗaya tsakanin ganin haɗari da taka birki. Ke nan kafin ƙafarsa ta taɓa birki, mita 17 sun wuce. Malaman tuƙi suna da lissafi mai sauƙi na kimanta nisan tsayawa bisa busasshiyar kwalta: a cire sifirin ƙarshe na gudun, a ninka lambar da kanta. Mai gudun 50 yana buƙatar kimanin mita 25, mai gudun 100 kuwa kimanin mita 100. Gudu ya ninka sau biyu, nisan tsayawa ya ninka sau huɗu. In an yi ruwa, ko rairayi ya hau kwalta, ko taya ta suɗe, nisan ya ƙaru. Yaron da ya koya a filin ƙwallo ba wanda ya taɓa gaya masa wannan, sai ranar da ya taka birki babur ya ƙi tsayawa.

A nan dole mu faɗa wa kanmu gaskiya, ko da ɗaci. Akwai iyayen da ke neman a fitar wa ɗansu permi ta bayan fage, ba karatu ba jarrabawa. Wannan takarda shaida ce cewa mai riƙe da ita ya ƙware, an amince ya ɗauki rayukan mutane. Wanda ya saye ta ya sayi shaidar zur, ya kuma haɗa da cin hanci. Takardar za ta wuce da yaro shingen jandarma, amma ranar da amalanke ya ɓullo masa cikin duhu ba abin da za ta tsinana masa.

Ɗabi'un da ke tsare rai

Na farko, rage gudu. Masana sun lissafa cewa karo a gudun kilomita 50 a awa daidai yake da faɗowa daga tsayin kusan mita 10, wato kamar daga saman bene mai hawa uku. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce idan mota ta bugi mai tafiya a ƙasa, yiwuwar mutuwarsa na ninkawa sau huɗu da rabi tsakanin gudun 50 da gudun 65. Bambancin da direba ba ya ko ji a jikinsa shi ne bambancin jinya da jana'iza. A bakin makaranta, da kasuwa, da masallaci, da cikin ƙauyukan da kwalta ta ratsa, a sassauta ƙwarai. Sauri ya haifi nawa.

Na biyu, hular kwano, wadda muke ce wa kaske. Samarinmu suna gudunta wai saboda zafi, ko don kada a ce musu matsorata. Ƙafa in ta karye ana ɗori, amma ƙwaƙwalwa ba ta da maɗori. A cewar wannan hukuma, kaske mai inganci da aka ɗaure daidai yana rage raunin ƙwaƙwalwa har da kashi 74 cikin 100. Wanda aka ɗora a ka ba a ɗaure igiyarsa a haɓa ba, shi ke fara tashi kafin mai shi ya kai ƙasa. Wanda aka goya a baya shi ma kai gare shi. Ƴan kabu-kabu da masu hawansu duk wannan magana ta shafe su.

Na uku, bel ɗin kujera. Yana rage yiwuwar mutuwar na cikin mota har da rabi. A ɗaura shi gaba da baya, tafiya ta kusa ko ta nesa. Uwa kuma kada ta rungumi jariri a kujerar gaba tana zaton hannunta zai riƙe shi. A lokacin karo nauyin yaro yana ninkawa sau da yawa, ba hannun da ke iya riƙe shi. Wurin yara kujerar baya.

Na huɗu, wayar salula. Mai amfani da waya yana tuƙi ya fi waninsa yiwuwar yin haɗari kusan sau huɗu. Wanda ya sunkuya sakan 3 yana duba saƙo a gudun 60 ya yi tafiyar mita 50 ido rufe. Mu ma da ke gida muna da laifi: in mun san ɗanmu yana kan hanya, mu daina damunsa da kira muna tambayar ina ya kai.

Na biyar, barci da ƙwaya. Gyangyaɗi ba ya sallama. Direban da ya kwana hira, ko ya kwana a hanya, ya tsaya ya runtsa, domin shayi da goro jinkirta barci kawai suke yi. Wannan ya fi ƙarfi a watan azumi, lokacin da barcin dare ke raguwa, ga kuma rige-rigen isa gida gab da shan ruwa. Dabino uku da gorar ruwa a cikin mota sun wadatar a buɗe baki a gefen hanya. Amma babbar musiba ita ce tramol da ƴan'uwanta, waɗanda wasu samari ke sha wai don su jure aiki. Ƙwayar tana ɓoye gajiya, tana dusashe hankali, tana cire tsoro, kuma takan jawo farfaɗiya. Duk abin da ke gusar da hankali hukuncinsa sananne ne, balle a haɗa shi da sitiyari.

Na shida, sanin hanyoyinmu da lokutanmu. Da dare akwai amalanken jaki da na shanu marasa fitila, da garken dabbobi, da babbar motar da ta lalace aka bar ta bisa kwalta da ƴan rassan itace a bayanta. Da hunturu hazo yana rage gani. Da damina korama takan cika cikin ɗan lokaci, kuma ruwan da bai kai gwiwa ba yana iya jan ƙaramar mota. Sabon direba ya guji tafiyar dare, kada ya tsere wa mota a kan kwana ko a hawan tudu, kada kuma ya gwada ƙarfinsa da ruwa mai gudu.

Na bakwai, duba abin hawa kafin a tashi: birki, taya, fitilu, madubi, ruwa da baƙin mai. Madubin da samari ke cirewa daga babur don ado, shi ne idonsu na baya. Lodi kuma kada ya wuce kima. Babur na mutum biyu ne, ko da mun saba ganin huɗu a kai.

Sai kuma wata al'ada da ta zame mana ƙarfen ƙafa, wato wasa da mota da babur ranar kai amarya da ranakun salla. Samari su cika titi, wani ya saki hannu, wani ya miƙe tsaye, wani ya zauna a tagar mota. Sau nawa gidan biki ya koma gidan makoki kafin lallen amarya ya bushe? Uban ango da uban amarya suna da ikon su ce ba a yi musu wannan a bikinsu, kuma in sun faɗa da gaske za a ji.

"Ƙaddara ce"

Duk lokacin da aka yi wannan magana sai wani ya ce: ai kwana in ya ƙare ya ƙare. Mun yi imani da ƙaddara, mai daɗi da marar daɗi, kuma da ita muke yi wa waɗanda aka yi wa rashi ta'aziyya. Amma ƙaddara ba mafakar mai sakaci ba ce. Tirmizi ya ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umurci mai raƙumi ya ɗaure raƙuminsa sannan ya dogara ga Allah. Sayyidina Umar ya juya da jama'arsa daga hanyar Sham da ya ji labarin annoba, ya kuma bayyana cewa juyawar ma cikin ƙaddarar Allah take. A hajjin bankwana, da Annabi ya ji mutane na tsananta wa raƙuma a saukowa daga Arfa, ya yi musu nuni da su natsu, ya sanar da su cewa gaggawa ba ita ce aikin alheri ba. Buhari ne ya ruwaito wannan daga Ibn Abbas. In an faɗi haka a kan raƙumi, ina ga abin da ke cin kilomita 120 a awa?

Malamanmu na fiƙihu ba su bar wannan babi a buɗe ba. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, an bayyana cewa mai kora dabba, da mai janta, da wanda ke bisanta, duk suna ɗaukar lamunin abin da ta taka. Aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta ɗora wa mai kisan kuskure abu biyu: diyya ga dangin mamaci, sai in sun yafe, da kaffara, wadda a yau ta koma azumin wata biyu a jere. Diyyar rai raƙuma 100 ce, ko dinari 1,000 na zinariya. A zamaninmu kuma, Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Burunai a shekarar 1993, ta yanke cewa bin dokokin hanya waɗanda ba su saɓa wa shari'a ba wajibi ne, domin an kafa su ne don maslahar jama'a, kuma direba yana ɗaukar alhakin ɓarnar da ya jawo. Saboda haka wanda ya keta jar wuta, ko da ba ɗan sanda a wurin, akwai Mai ganinsa.

Abin da ke wuyan iyaye

Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaro yana fara koyon tuƙi tun yana zaune a bayanmu, yana kallon yadda muke yi. In ya ga uba yana waya a kan sitiyari, yana zagin wanda ya riga shi, yana miƙa wa jami'i ɗan abu a cikin takarda, ya riga ya haddace darasin, kuma wa'azin baki ba zai goge shi ba.

Muna ba da shawara kamar haka. Kada a ba yaro makulli kafin shekarun da doka ta yarda, ko da aike ne zuwa bakin kasuwa. A kai shi makarantar tuƙi ta gaskiya, a bar shi ya ci jarrabawa da guminsa. Kuɗin makarantar, komai yawansa, bai kai na kwana kaɗan a asibiti ba. Wanda zai sayi babur ya sayo kaske biyu tare da shi, ya lissafa su cikin kuɗin babur. A tabbata takardun abin hawa da inshorarsa suna nan da rai, domin wanda aka raunata ya sami abin jinya.

Samun permi kuma ba shi ne saukar karatu ba. A Faransa akwai tsarin da matashi, bayan darussan farko a makaranta, zai yi tuƙin aƙalla kilomita 3,000 tare da babba a gefensa kafin ya shiga jarrabawa. Ba sai an kafa mana doka ba kafin mu ɗauki hikimar da ke ciki. Uba, ko kawu, ko wa, ya zauna kusa da sabon direba na wasu watanni: a fara da rana cikin unguwa, sannan cikin gari, sannan babbar hanya. A gindaya masa sharuɗɗa a fili: ba tuƙin dare, ba cika mota da abokai, ba ba da aron makulli. In ya karya sharaɗi a karɓe makulli, ko da zai yi fushi. Iyaye mata, ku ne kuka fi sanin lokacin da yaro ke shigowa da dare da irin abokan da yake bi, kada tausayi ya sa ku rufa masa asiri a kan abin da zai halaka shi.

Masu motocin haya da masu ba da babur a kawo musu kuɗi kullum, ku ji tsoron Allah game da yaran da kuke ɗauka. Wanda ya ɗora wa yaro kuɗin da ba za su samu ba sai da gudu da hana ido barci, yana da kaso a cikin abin da ya biyo baya. Limamai da malaman makarantun Islamiyya kuma su sa haƙƙin hanya cikin huɗuba da darasi, tunda kawar da cuta daga hanya yana cikin rassan imani.

A ƙarshe, kowane matashi ya san abin yi in ya tarar da haɗari. A sa alama nesa domin kada wata mota ta afka. A kira ƴan kwana-kwana a lamba 18, ko ƴan sanda a lamba 17. Kada a fizgi wanda ya ji rauni a wuya ko a baya, kada a ɗura masa ruwa, a danne inda jini ke zuba da tsumma mai tsabta. Kada a tsaya ɗaukar hoton mutum a halin da ba zai so a gan shi ba. In tankar mai ce ta faɗi, a yi nesa da ita. Ba mu manta da watan Mayun 2019 ba, lokacin da tanka ta kife kusa da filin jirgin saman Yamai, jama'a suka taru kwasar mai, ta kama wuta, fiye da mutum 50 suka rasu a wannan dare.

Yaron nan da muka ba ku labarinsa ya yi azuminsa ya gama. Yau magidanci ne, yana da ƴaƴa, amma har yanzu ba ya iya bi ta ƙofar gidan maƙwabcinsu sai ya zagaya. Mahaifinsa kuwa ya sha gaya wa Malam cewa da ya san haka, da ya jinkirta kyautar nan shekara ɗaya. Mu da makullin ke hannunmu har yanzu, muna da damar da shi ya rasa.

Allah Ya tsare mana zuriyarmu, Ya kai matafiya gida lafiya, Ya ba marasa lafiya sauƙi, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Kada Allah Ya sa ran wani ya salwanta ta hannunmu ko ta hannun ƴaƴanmu. Amin.